Idon Ya Karima Mai Buga Lissafi

Duk wanda ya taɓa koyar da lissafi tsakanin Nguru da Gashua ya san Ya Karima, ko bai san fuskarta ba ya san aikin hannunta. Shagonta ɗan ƙarami ne a titin da ya nufi tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru, tsakanin mai wankin hula da mai cajin waya. Masu buga takardu a kwamfuta kam kowane lungu ka leƙa akwai su. Amma kai musu takarda mai alamomin lissafi ka ga yadda fuska ke sauyawa. Wani ya ce firintarsa ba tawada, wani ya ce janareta ya ƙi tashi, mai gaskiyar cikinsu kuwa ya nuna maka hanya da baki ya ce, "Kai wa Ya Karima."

Ni sunana Mas'uda, lissafi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma tun ina sabuwar malama nake kai mata aiki. Ta girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce mata Ya, yadda muke ce wa babbar 'yar'uwa a nan. Faɗa kuwa mun sha shi, don ni ba ni da haƙuri, ita kuma ba ta da sassauci.

A Gashua aka haife ta, 'yar masunci ce daga unguwar bakin kogi. Da ta gama makaranta ta koyi tafireta, ta samu aiki a ofishin wata makaranta tana buga takardun jarrabawa a kan sitansil. Tafireta ba ta san alamomin lissafi ba, haruffa da lambobi kawai gare ta. Saboda haka sai ta riƙa barin gurbi a duk inda alama za ta zauna, in ta gama ta zare sitansil ɗin ta shimfiɗa a kan gilashi, ta zana alamomin ɗaya bayan ɗaya da alƙalami mai tsinin ƙarfe. In hannu ya danna da yawa takardar ta yage, tawada ta malale a wurin, a sake shafin tun daga farko. Aure ne ya kawo ta Nguru, mutuwar mijin kuma ita ta sa ta buɗe shago. Da kwamfuta ta shigo gari tsofaffin masu tafireta suka watse, ita ko ta zauna gabanta kamar mai gadin tukunya, har sai da ta gano inda aka ɓoye akwatin rubuta lissafi da duk abin da ke cikinsa.

Ba ta taɓa cewa ta iya lissafi ba. "Ni ban san abin da suke nufi ba," in ji ta, "amma na san inda kowa ke zama." Kuma kowa ta raɗa masa suna. Farakshan, lamba a sama lamba a ƙasa da layi a tsakani, shi ne bene. Alamar rut mai dogon rufi ita ce rumfa. Doguwar alamar nan mai lanƙwasa kai da gindi da 'yan jami'a ke kawowa, ƙugiya take ce mata, ɗiyar masunci ai ba ta rasa sanin ƙugiya. 'Yar ƙaramar lambar da ke hawa kafaɗar harafi kuwa goyo. In shi ma yana ɗauke da wani ƙaramin a kansa, sai ta ce goyon goyo.

Abin da ta tsana a duniya shi ne ganin goyo a ƙasa. Wasu masu shaguna sukan buga harafi su buga lamba a gefensa a kwance, su ce ai malami zai gyara da biro. Wasu kuma su ɗauki hoton rubutun hannu da waya su manna a tsakiyar shafi. In irin wannan takarda ta faɗo hannun Ya Karima sai ta riƙe ta da yatsa biyu ta ce, "Wannan ba aiki ba ne, cin amana ne." Da aka buɗe jami'a a Gashua aiki ya ƙaru mata, direbobin tasha suka saba da ɗauko mata ambulan da safe su mayar da yamma. Ba ta yi arziki ba, amma ta aurar da 'yarta Fauziyya a Yusufari, ta yi wa ɗakinta rufin kwano, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Bara waccan, da zafin bazara, ta fara yi mini wani sabon salo. Na miƙa mata tambayoyin jarrabawa, ta juya takardar sama da ƙasa, ta miƙo mini.

"Mas'uda, wannan rubutun naki kamar kaza ta bi ta kan tawada. Zauna ki karanta mini, ni in buga."

"Ya Karima, yau kika fara ganin rubutuna? Tun yaushe kike karanta shi?"

"Da ma haƙuri nake yi, yanzu ya ƙare. Zauna."

Raina ya ɓaci, don gaskiya rubutuna ba abin alfahari ba ne, kuma ba na son a tuna mini. Na zauna a bencin masu jira ina karantawa da fushi, ita kuma yatsunta na gudu a kan madannai ba ko tsayawa. Ta juya allon kwamfutar ya fuskanci bango, wai hasken ƙofa na damunta. Daga baya na ji sauran malamai na ƙorafi, kowa an ce masa rubutunsa ya lalace. Muka yi ta dariya a ofis, muka ce tsufa ne ya zo mata da faɗa.

Ranar da na gane, na shigo ne ba sallama saboda janaretan maƙwabcinta ya cika titi da ƙara. Na zagaya bayan teburinta zan ajiye jakata, sai idona ya faɗa kan allon. Harafi ɗaya ne tak ya cika shi, girmansa ya kai tafin hannuna, da rabin goyonsa a kusurwa. Ta ja girman shafin har inda kwamfuta ta ce ba ta da sauran ja. Ita kuma hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta rufe idon dama da hannu, tana laluben goyon da na hagu.

Na ce, "Ya Karima."

Ta zabura har maus ɗin kwamfutar ya faɗi ƙasa. Ba ta tsaya musu ba. Ta tashi ta tura ƙofar shagon, ta dawo ta zauna.

"Hayaƙi ne," ta ce a hankali. "Kamar an hura ɗanyen itace a cikin ɗaki. Na dama ya riga ya cika, na hagu ya fara. Goyon goyo na fara rasawa, na ce ƙura ce a gilashi, na yi ta gogewa. Sai goyo. Yanzu layin bene ma sai na matso. Mas'uda, don girman Allah kada ki gaya wa kowa."

Na san abin da take tsoro tun kafin ta faɗa, don ta sha ba ni labarin mahaifiyarta. Tsohuwar ta makance tun da sauran ƙarfinta, aka ajiye ta a ɗakin bayan gida a Gashua, ta shekara da shekaru a kan tabarma ɗaya. Macen da a da take banda kifi ta kai kasuwa da kanta, ta koma sai an ja ta da sanda zuwa bayan gida. In ta ji motsi sai ta yi ta kiran sunaye da Badanci, yarensu na gida, wani lokaci ba mai amsawa, kowa na harkar gabansa. Ya Karima ce ta yi jinyarta har ƙarshe.

"Ni ɗakin wa za a ajiye ni?" ta ce. "Gidan surukina a Yusufari? In zauna ina jin iska na zuba yashi a kwano, ina jiran a tuna da ni? Wallahi in na kwanta rufe ido ma tsoro yake ba ni, sai in ga kamar gwaji nake yi."

Da ƙyar da jan rai na kai ta asibiti. Likita ya haska mata fitila, ya ce yanar ido ce, duka biyun, kuma abu ne da ake cirewa kullum. Sai dai jininta ya hau sosai, ba zai taɓa ta ba sai ya sauka. Ya rubuta magani, ya ce ta dawo bayan wasu makonni a sa mata rana. Ni na fito da farin ciki. Ita kuwa kalma ɗaya ta riƙe daga duk bayanin, wato yanka. Tun daga ƙofar asibiti har shago take maimaitawa. "Yanka fa ya ce. Ido za a yanka. Abin da aka yanka ana mayar da shi ne?" Na yi bayani har bakina ya bushe, kamar ina zuba ruwa a kwando.

Ta ci gaba da aiki a ɓoye. Yatsunta sun haddace hanya, ba sa bukatar ido kafin su buɗe rumfa ko su gina bene. Amma akwai abin da yatsa ba ya yi. In ka hau goyo ka rubuta 'yar lambarka, dole ka sauko kafin ka ci gaba, in ba haka ba duk abin da ya biyo baya can sama zai maƙale. Mai ido kallo ɗaya zai yi wa layin ya gane. Ita kuwa yanzu harafi ɗai-ɗai take gani, kowanne ƙato, ba ta ganin layin gaba ɗayansa.

Haka ta buga wa wani Malam Saleh na wata makarantar kuɗi a Gashua jarrabawar ƙarshen zango. A wata tambaya ta manta ba ta sauko ba, sai sauran layin duka ya hau kafaɗar harafi ɗaya, ƙanana kamar jerin tururuwa. Shi ma bai duba ba, don wa ke duba aikin Ya Karima? Sai da aka raba wa ɗalibai suka fara ɗaga hannu. Washegari ya shigo motar farko ya zo Nguru da takardar a hannu, ni kuma ina shagon.

"Hajja, mene ne wannan? Kin kunyata ni gaban shugaban makaranta! Dubi nan, dubi!"

Ya dangwara mata takardar a tebur yana nuna wurin da yatsa. Ta sunkuya tana kallon inda take zaton yatsan yake. Ni da ke gefe na ga ba wurin take kallo ba, ta sauka ƙasa da layi biyu. Ta ce, "Na gani, Malam. Kuskurena ne, ka yi haƙuri." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Da ya fita sai ta kifa kai a kan madannai, kafaɗunta suka yi ta girgiza. A duk zamana da ita ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ranar, har ni ma tsoron ya kama ni.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A satin nan ne Bobboi, wani dillalin shanu da ke zuwa ɗaukar hoton takardunsa a shagon, ya lura da yadda take laluben canji a aljihun tebur. Mutumin kirki ne, ba da mugun nufi ya yi ba. Ya ba ta labarin wani mai aikin ido na gargajiya da ke shigowa ta wajen Machina, yana sauka a Gashua ranar kasuwa. Ba yanka, ba kwanciya asibiti, ba ruwansa da hawan jini. Tsinke ne kawai yake sawa ta gefen ido ya ture yanar ta faɗa ciki, mutum ya tashi yana gani nan take. "Kawuna da hannu aka kai shi, Hajja," in ji Bobboi, "da ƙafarsa ya koma ruga."

Da ta gaya mini na yi tsalle na dire. Na ce ina kawun yake yanzu, wa ya je ya gan shi bayan wata guda? Na ce likita ya ce a jira, me ya yi zafi? Ta ce ita ba ta da lokacin jira, yau Malam Saleh ne, gobe duk gari ya sani. Na ce, "Ya Karima, kada garin neman gira a rasa ido." Ta ce, "Ni ba gira nake nema ba, idon nake nema." Na yi barazanar kiran Fauziyya, ta ce in na kira ta kada in sake taka shagonta. Ranar kasuwa da safe na je na tarar da kwado a ƙofa. Na wuce tasha a guje, na same ta a kujerar baya ta motar Gashua, ta ƙudundune cikin mayafi. Na shiga na zauna kusa da ita. Har muka wuce Jajimaji ina magana, ita kuwa ta kau da kai.

Gidan da mai aikin ke sauka yana bayan inda ake shanya tattasai, iskar wurin ma kanta yaji take yi. Zaure ne mai faɗi, an shimfiɗa tabarmi, tsofaffi sun jeru a jikin bango kowa da mai ja masa gora. Mai aikin dattijo ne mai tsabtar tufafi da taushin murya, wannan ma ya ƙara ba ni tsoro, don da mugun kama gare shi da na samu abin nuna mata. Yana zaune a bakin ƙofa inda haske yake, da ƙaramar jakar fata a gefensa da kwanon ruwa.

A gabanmu aka yi wa wani tsoho. Wani ƙato ya zauna a bayansa ya rungume kansa a ƙirji. Dattijon ya ɗiga masa wani ruwa a ido, ya yi addu'a, ya zaro wani siririn ƙarfe daga jaka ya goge a gefen rigarsa. Na kau da kai, amma kunnena bai kau ba. Na ji tsohon yana nishi ta hanci, dugadugansa na gurzar tabarma. Can sai ya ƙwala ihu, "Haske! Na ga haske! Ga ƙofa, ga mutum tsaye!" Zauren ya ɗauki kabbara. Wata mata ta rangaɗa guɗa.

Ya Karima ta matse mini hannu har ƙashina ya yi ƙara. Ta ce, "Kin ji?"

"Na ji ya ga ƙofa. Ke ƙofa kike son gani? Tashi mu tafi, don Allah, don Annabi."

Da layi ya zo kanta ta durƙusa gaban dattijon ta gaishe shi. Ta ce, "Baba, ni aikina ƙananan rubutu ne. Zan gan su?"

"Baiwar Allah, har zare za ki zura a allura, da yardar Mai Sama."

Na ce masa likita ya hana a taɓa ta. Ya yi murmushi ya ce shi ba ya tilasta kowa, mai ido shi ke da idonsa. Mutanen zauren suka fara harara ta, wani ya ce in ba ni da tawakkali in fita waje. Abu ɗaya na iya ƙwata, shi ma don al'adarsa ce, ido ɗaya yake yi a zama guda, ɗayan sai wata kasuwar. Ta zaɓi na dama. Ƙaton ya rungume kanta, mayafinta ya zame, na ga furfurarta a fili gaban maza. Bakinta na motsi da salati. Na toshe kunnuwana da yatsu, ina kallon ƙafafunta kawai. Yatsun ƙafar suka dunƙule, suka daɗe a dunƙule.

Sannan na ji dariyarta. "Mas'uda! Ga ki nan! Atamfarki kore ce!" Kore ce kuwa. Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin har ni sai da zuciyata ta ce ko ni ce ban da gaskiya. A mota tana ta ɗaga tsumman da aka ɗaura mata tana leƙen gonakin shinkafa, tana cewa duniya ashe haka take da haske. Na miƙa mata wata takarda daga jakata, ta kai ta nesa ta kawo ta kusa, ta ce tukuna, ai dattijon ya ce sai idon ya huce.

Idon bai huce ba. Kwana kaɗan maƙwabciyarta ta aiko a kira ni daga makaranta. Na same ta a tsakar ɗaki ta dafe rabin kanta, tana juyi a kan tabarma, ta yi amai har ba abin da ya rage. Idon ya kumbura ya yi jajir kamar gauta, ruwa na bin kuncinta. Ko hasken taga ba ta iya jurewa. Tana cewa, "Ƙusa ake buga mini, Mas'uda, ƙusa." Na kira Fauziyya a gabanta, ba ta hana ni ba. Muka sa ta a Keke Napep sai asibiti.

Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ajiye fitilarsa a hankali. Ya ce ƙwayar cuta ta shiga ciki, za su yi ƙoƙarin kashe ciwon kada ya wuce nan, amma ganin wannan idon ya tafi. Aka kwantar da ita, aka yi ta allurai. Ciwon ya lafa. Idon ya shanye ya koma ciki, ya yi fari fat, ko rana ta kalla da shi ba ta sanin an yi.

Daga nan tsoron ya koma wani iri. Da tana da biyu tana tsoron yanka, yanzu ɗaya ya rage, shi ma hayaƙin na ƙara cika shi, kuma maganinsa yankan nan ne dai. An gudu ba a tsira ba. Ta rufe shago. Direbobin Gashua suka yi ta zuwa da ambulan suna komawa da su, har suka daina. Fauziyya ta zo ta tare a gidan da jaririyarta, ta fara maganar a tafi Yusufari, wai an ma share ɗaki. Duk lokacin da ta ambaci ɗakin nan sai in ga Ya Karima ta kama bakin gado ta riƙe.

Jininta ya sauka, aka sa rana. Ranar ta zo ta ce zazzaɓi take ji. Aka sake sa wata, ta kulle kanta a ɗaki, muna bugu tana cewa mu tafi. "Hayaƙin nan na san shi," take faɗa ta bayan ƙofa. "Ina ganin inuwarku, ina ganin ƙofa. In suka taɓa shi ya tafi fa? Me zan sake bayarwa?" Wa zai rantse mata? Na koma gida ina tafe ina rufe ido ɗaya ina buɗewa, kamar wata taɓaɓɓiya.

Ba wa'azinmu ne ya fito da ita ba. Wata safiya ta idar da salla, Fauziyya ta shigo ta tsaya tana kallonta, ta ce, "Mama, gabas fa tana nan." Ashe bango ta fuskanta ta kudu, a ɗakin da ta shekara ashirin tana salla. Ta zauna a kan dardumar. Can ta ce a kira mata Mas'uda. Da na zo ta ce, "Haka tsohuwata ta fara. Je ki karɓo mini wata ranar."

Ranar aikin muna zaune a benci, ita a tsakiya, ni da Fauziyya a gefe da gefe kamar masu tsaron fursuna. Da aka kira sunanta ba ta tashi ba, sai da wata nas mai suna Shuhada ta zo ta kama ta tana cewa, "Mama, ko barci ba za a sa ki ba, kina ji muna hira za a gama." Ta shiga tana waiwaye, ko da yake na san ba abin da take hangowa. Ban iya zama ba. Na yi ta kai da kawowa a baranda ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma na haɗa kan wannan da gindin waccan. Ba a daɗe ba aka fito da ita da bandeji. Wunin ranar ba ta da ido ko ɗaya, kuma ba ta saki gefen zanena ba har aka kore mu.

Da safe Shuhada ta zo ta warware bandejin, ta goge mata gefen idon da auduga. Ta ce, "To Mama, buɗe."

Ba ta buɗe ba. Ta runtse shi gam, har goshinta ya tattare.

"Mama, buɗe mana, an gama."

"Bari tukuna, 'yata," ta ce, muryarta can ƙasa. "Muddin ban buɗe ba, ban makance ba."

Fauziyya ta toshe baki da mayafi. Muka tsaya a haka, har matar gado na kusa ta daina tauna abin da take ci. Sannan fatar idon ta fara rawa, ta ɗaga kaɗan, ta koma, ta sake ɗagawa. Hawaye ya zubo. Ta kalli silin, ta kalli hannunta, ta juya shi ciki da baya. Ta kai ido kan kwalbar magani da ke kan ɗan teburin gefenta, ta ɗauka, ta karanta ƙananan rubutun jikinta a fili, har da ranar da zai lalace. Fauziyya ta faɗa jikina tana kuka, ni ma na saki nawa, ba kunya.

Ita ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Ta ce a ba ta madubi. Fauziyya ta kalle ni, sannan ta ciro ƙaramin na hoda daga jakarta. Ya Karima ta riƙe shi da hannu biyu. Tunda abin ya faru ba ta taɓa ganin idon dama ba, sai dai ta shafa. Yanzu ga shi tar a gabanta, fari, a shanye, fatar ta rufe rabinsa. Ta daɗe tana kallonsa.

"'Yata," ta ce wa nas ɗin, ba ta ɗauke ido daga madubin ba. "Wannan na daman. Da na jira, shi ma haka za a yi masa?"

Shuhada ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, "Haka za a yi masa, Mama. Ciwonsu ɗaya ne."

Ya Karima ta gyaɗa kai. Ta ɗaga yatsa ta shafa fatar mataccen idon a hankali, yadda ake shafa kan yaron da aka daka bisa kuskure.

"Ka yafe mini," ta ce masa.